Mai Shiga Silin

Matarsa ce kaɗai ta lura cewa duk ranar da ta aike shi sayen koren zare, ruwan ƙasa yake kawo mata. Tela ce, ta san ba mantuwa ba ce. Idonsa ne ba ya raba launukan nan biyu, kuma haka aka haife shi.

Sana'arsa jan wayar intanet a ofisoshi. Cikin kowace waya akwai ƙananan wayoyi takwas masu launi daban-daban, kuma sai an jera su daidai kafin a matse kan, in ba haka ba kwamfuta ba za ta yi magana da 'yar'uwarta ba. Don haka tun yana ɗan koyo ya samo wa kansa dabara. Da an isa wurin aiki, shi ke fara ɗaukar tsani.

"Ku zauna ku haɗa kawunan wayoyin, ni zan shiga silin," in ji shi.

Abokan aikinsa suka sa masa suna Jemage. Yakan sauko da yanar gizo a gashi, gwiwa duk ta kuje, su kuwa suna zaune gaban fanka suna cewa ba su taɓa ganin mutum mai kirki irinsa ba.

Ana nan sai wani kamfani ya buɗe ɗaukar ma'aikata na dindindin, da albashi da katin asibiti. Sharaɗin ɗaya ne: kowa ya haɗa waya a gaban injiniya. Gwiwoyinsa sun fara ƙin tsani, ya san silin ba zai riƙe shi har tsufa ba.

Matar ta ture keken ɗinki, ta baje wayoyi a tabarma.

"Wannan fa, Baban yara?"

"Kore."

"Kore a gidan wa? Sake duba."

"To ke ki je ki yi jarrabawar mana, Hajiya injiniya."

Suka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Daga baya ta gano cewa wayar ruwan ƙasa ta fi koren yawan murɗewa, ya koyi ganewa da yatsa. Ya yi ta gwadawa har ya daina kuskure.

Ranar jarrabawa aka miƙo masa wayar wani kamfani dabam, murɗinta ba irin wanda ya saba ba. Ya jera, ya matse, injiniya ya soka ta a na'urar gwaji. Fitilu suka riƙa kamawa suna tsallake juna.

"Malam, shekara nawa ka ce kana aikin nan?"

Ya tattara kayansa ya yi godiya.

Da ya dawo gida matar ta ajiye masa ruwa. Ya sha, ya jawo jakar aiki bakin ƙofa, ya zauna yana shafa wa filayarsa mai.