Jakar Malam Watakila

Kafin mai gadi ya gama sharar ƙofar makaranta, Malam Watakila ya riga ya jingine kekensa a gindin tagar ofishinmu, da 'yar jakar atamfa rataye a kafaɗa. Marafan kwalba ne a ciki, jajaye da koraye. Da su yake koyar da lissafin yiwuwa, darasin da mu sauran malamai kan bari sai ƙarshen zango. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ko tambayarsa ka yi za a yi ruwa, sai ya ce, "Watakila. Amma zo mu auna watakilan."

Shekarun baya, ina ofis ranar da wani dattijo ya shigo riƙe da hannun 'yarsa, ana gab da jarrabawar fita. Ya ji wai ana cankar marafai a aji.

"Caca kuke koya musu! Yau ta bar makarantar nan."

Malam ya jawo masa kujera, ya miƙa masa jakar. "Baba, jajaye da koraye daidai suke. Zaro ɗaya, ka mayar, ka sake."

Dattijo ya zaro ja. Ya sake, ja. Ya kuma, ja.

"Yanzu kam kore ne, ko tantama babu," in ji shi.

"Baba, jaka ba ta da ƙwaƙwalwa. Ba ta san abin da ya fito ɗazu ba. Da wannan 'yanzu kam' ɗin masu caca ke cinye mutane. Ni so nake kada a cinye 'yarka."

Dattijo ya ce, "Haka yayanta yake cewa kullum, yanzu kam zai ci." Ya saki hannun yarinyar. "Wuce aji, uwata."

Malam, kai ne ka koya wa yaranmu bambancin fata da tabbas, ba tare da ka kashe musu fatan ba. Mai sanyin murya, ban taɓa jin ka ce wa yaro daƙiƙi ba.

Ƙarshen zangon nan Malam Watakila zai ajiye alli. Mun gode, Malam, Allah Ya saka da alheri. Mu da muka rage, mu koyi jawo kujera kafin mu ɗaga murya.

Jakar kuwa ba za ta bar makaranta ba. Ya damƙa ta ga sabuwar malamar lissafi, yarinyar nan da aka ce ta wuce aji.