Akuyar Surukina da Sarkin Karta

Ko na tsufa na manta sunana, ranar da na ciro kati daga hular surukina ba za ta fita daga kaina ba.

Lokacin ina shekara ta ƙarshe ta golmo, wato noman da saurayi yake yi wa uban yarinya a wajenmu kafin a ba shi ita. Gonar tana kan hanyar Manga. Tsohon kuwa soja ne da ya yi ritaya, dattijon coci, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ni kuma na koyi dabon karta a waya. Wata uku ina ɓoye kati a tafin hannu gaban madubi har yatsuna suka ƙage.

Da rana muka zauna hutawa ƙarƙashin ɗorawa tare da abokaina da suka zo taya ni. Rawar kai ta ce in burge tsoho. Na ba shi karta ya zaɓi ɗaya, sarki ne, ya mayar. Na gauraya, na danne sarkin a tafina, na nuna musu babu shi a ciki. Sannan na durƙusa kamar mai gaisuwa, na kai hannu bakin hularsa, sai ga sarki. Wallahi ko a madubi bai taɓa yin kyau haka ba.

Babu wanda ya yi dariya. Tsoho ya cire hular, ya leƙa cikinta, ya kakkaɓe, ya dube ni.

"Akuyata ta ɓata kwana uku ke nan. Ciro min ita."

Na ce, "Baba, ai dabara ce kawai, ba tsafi ba ne."

Don ya yarda, na sake yi a hankali, ina nuna masa inda katin yake maƙalewa. Ashe ƙara wa kaina nake yi. Ya ce wato hannuna ya je har kansa da kaya a ɓoye bai gani ba, to mai irin wannan hannu ai ba sai an je nesa neman wanda ya san inda akuya take ba. Ya ce in zaɓa, ko boka ne ni ko ɓarawo, kuma 'yarsa ba ta auren ko ɗaya. Noman da na sha duk zai tashi a banza, ga yarinyar ina sonta kamar raina.

Kwana biyu ina hawa duwatsu ina kukan akuya, ni da gemuna, mata masu itace suna kauce mini. Rana ta uku na same ta a wani kwazazzabo, ta haifi biyu. Na rungumo 'ya'yan, uwar na bina, na shiga gidan ina murna na wanke kaina.

Tsoho ya ƙirga da yatsa.

"Ɗaya ta ɓata, ka kawo uku. Kuma ka ce ba tsafi ba ne?"

Sai da fasto ya sa baki, aka jefa kartar a murhu a gabana, sannan aka sa rana. Ranar bikin tsoho ya kira ni gefe, na zaci nasiha zai yi mini. Ya rage murya ya ce akwai wata rediyonsa da ta ɓata tun yana bariki, in na samu sarari in duba masa.

Yanzu 'ya'yanmu huɗu, har ya rasu bai daina tuna mini rediyon ba. Abin da na koya shi ne, na yi wata uku ina koyon yadda zan sa mutum ya yarda da abin da ba gaskiya ba, ban yi ko kwana ɗaya ina tunanin abin da zan yi idan ya yarda ɗin ba.