Baitocin da ba su kai dutsen niƙa ba

Na dawo Birnin Kudu bayan shekaru a hanyar hajji, da Larabci da Barbarci da Fillanci a bakina. A Masar na ga malaman tauhidi suna yini kan mas'alar ƙaddara, ba mai fahimtarsu sai junansu. A Borno ma haka. Na ce ni talakawa zan rubuta wa.

Na tsara waƙa da ajami, baiti arba'in, bisa tsarin littattafan da na karanta: hukunci a gaba, sharuɗɗa a baya. Baitocin farko suka ce abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure bawa. Na ƙarshe suka ce duk da haka an umarce mu da neman magani da nisantar annoba. Malamai suka yaba.

Ban taɓa durƙusawa gaban dutsen niƙa ba, shi ya sa ban san mata ne ke yaɗa waƙa ba, kuma tsawonta a wurinsu ƙwaryar gero ɗaya ce. Niƙa ya ƙare, waƙa ta ƙare. Baiti goma sha biyu na farko suka haddace.

Da agana ta shiga ƙasar Gwaram, na tafi Zandam wurin yayata, don babban jikanta ya kamu. Al'adar garin, a kai mai agana bukka a bayan gari, tsohuwar da ta taɓa yin ciwon ta yi jinyarsa. Na tarar da yaron a ɗaki ɗaya da ƙannensa uku.

Na ce, "Yaya, a fitar da shi yau."

Ta ce, "Alhajin Masar, kai da bakinka?" Ta rera mini baitocina, ba tuntuɓe.

"Akwai saura, Yaya. Ƙarshen ya ce a nisanta."

"To don me ka ajiye zancen a ƙarshen waƙa, inda ba mai zuwa? Ni ba zan jefar da jikana a daji ba."

Na ciro takarda na karanta mata. Ta ce ba ta taɓa jin wannan ba, wataƙila a hanya na ƙara.

Sai a kwana na biyar ta yarda. Lokacin ƙannen duk sun fara zazzaɓi. Mun binne su ukun kafin a yanke gero, babban ya tashi ba idanu.

Na sake waƙar gajeriya, na sa nisantar annoba a baitin farko. Ba wadda ta ɗauka, suna da tasu. Har yanzu in na bi ta bayan danga da hantsi, tsohuwar waƙar nake ji.