Igiyar da Na Kai Abuja

Na bar ƙauyenmu, can bayan Keffi, ƙarfe biyar da kwata na asuba, da igiya a aljihu. Kwazazzabo ne ya ciwo gonarmu har saura taku tara ya kai kabarin Baba. Yaya Sani, babban wanmu da ke ma'aikatar tarayya, ya ce in zo mu zaɓi tarakta mai bokiti a gaba da hannun haƙa a baya, mu karkatar da ruwan kafin damina.

Hanyar shiga gonar ɗaya ce, tsakanin ɗorawa biyu. Gonar tamu ce, amma ɗorawar, duka biyun, ta Gwaggo Lami ce, ƙanwar Baba; ita ta gada, da ita take daddawar da take ci. Ba wanda ke da bakin da zai ce mata a sare. Sai na auna tsakaninsu da igiya, na ƙulla, ban gaya mata komai ba.

Keffi zuwa Nyanya

A shinge na biyu ɗan sanda ya ga igiyar ta leƙo.

"Malam, akuya za ka sayo?"

"Tarakta."

Ya dube ni, ya ce wa direba, "Ku tafi, Allah ba shi lafiya."

Mun shiga cunkoson Nyanya bakwai da rabi, muka fita tara saura. Wata mai ƙosai ta wuce mu da ƙafa, ta sayar, ta dawo ta same mu a inda ta bar mu.

Mpape

Yaya Sani ya kai ni wajen masu fasa dutse, inda ake sayar da wata tsohuwar tarakta rusheshiya. Yana son babban abu. Ko agogonsa ya fi hannunsa. Na shimfiɗa igiya daga taya zuwa taya, ta ƙare tun ban kai ba.

"Ba za ta shiga ba, Yaya."

"Kana kunyata ni da igiyar nan."

"Kai za ka gaya wa Gwaggo a sare ɗorawarta?"

Ya ce mu tafi Jabi.

Jabi

Ƙarfe ɗaya, bayan mun ci shinkafa da wake a tasha, muka sami Oga Bulus, mutumin Filato, mai sayar da ƙananan taraktoci. Bai yi wa igiyata dariya ba, shi ya ma riƙe mini bakinta.

"Wannan zai shiga," in ji shi, yana dukan wata ƙarama ja. "Ƙasan ku laka ne ko tsakuwa?"

"Laka."

"To siririn bokiti zai cika ya ƙi zubar. Ɗauki mai faɗi. Garma kuma bar shi, ba noma ya kawo ka ba."

Na auna, har da rarar yatsa huɗu. Yaya Sani ya zagaya ta sau biyu, ya ce ta yi kama da abin wasa, sannan ya amince. Na kwana a gidansa, inda sanyin na'ura ya sa mini mura.

Komawa

Washegari ƙarfe shida muka ɗora ta a babbar mota. Mun iso bakin gona goma da minti ashirin, ina ta shirin nuna wa mutane yatsa huɗuna.

Ɗorawa ɗaya na tarar. Ɗayar tana kwance, an riga an sassare rassanta, Gwaggo na zaune a kan gungumen. Na diro daga motar.

"Gwaggo, wa ya yi wannan?"

"Ni na sa. Na ga kana ta aune-aune kamar tela. Wanda ke kwance can, kafin ya zama ubanku wana ne." Ta leƙa bayan motar. "Ina babbar?"

"Ita ke nan."

Taraktar ta wuce ta gabanta, da filin da biyu irinta za su jera. Mun gode Allah da ya dawo da mu lafiya, ruwa kuma ya bar Baba ya huta. Igiyar tana wajen Gwaggo. Ta ce tunda igiyar ba ta iya tambaya ba, ta dai iya ɗaure itace.