Ranar da Aka Hana Ruwa Tsallaka Iyaka

Har gobe ban manta da ranar da Daraktanmu ya hana ruwa fita daga Najeriya ba.

Lokacin ina mataimakin injiniya, aka turo ni Jibiya in yi hasashen yadda sauyin yanayi zai taɓa gulbin yankin. Ga wanda bai san aikin ba: muna zuba wa kwamfuta bayanan ruwan sama da irin ƙasa da gangaren wuri, ita kuma ta zana inda ruwa zai bi in damina ta rikice. Da zanen ake yanke inda za a haƙa magudanai da waɗanda za a tasa daga gonakinsu.

Gulbin nan Nijar yake gangarawa, don haka taswirata ta leƙa ƙasar Maraɗi. Darakta na gani ya ɗora biro a kan layin iyaka.

"Wa ya ba ka izinin shiga wata ƙasa?"

"Ranka ya daɗe, ruwan ne ya shiga."

"Hurumin ofishinmu a nan ya ƙare. Tsayar da shi."

Na tsayar. Kwamfuta ta ɗauki iyakar a matsayin katanga. Ruwa ya rasa hanya, ya taru, ya shanye garin Magama na bakin iyaka a allo har shingen kwastan.

Darakta ya ji daɗi, domin babbar ambaliya ke jawo babbar kwangila. Ya tara masu gari da manoma ya haska musu taswirar. Wani manomi, Malam Sule, ya ce, "Ke nan mu sayar da gonakin tun suna da daraja?"

Sai wani injiniyan Nijar da aka gayyato ya miƙe cikin ladabi. Ya ce ya ga alama za a datse musu gulbi, fadamunsu su bushe, kuma dole ya sanar da gwamnatinsu yau.

Darakta ya share gumi, ya sunkuyo ya raɗa mini, "Buɗe masu ruwan."

Na cire katangar. Magama ta fito, sai 'yan kwarurruka da ke buƙatar magudana. Malam Sule ya koma gonarsa. A rahoto aka rubuta cewa ofishinmu ya amince a saki ruwa ga maƙwabta saboda zumunci, har aka yaba wa Darakta.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙe wannan: kwamfuta ba ta musu da na gaba, kuma abin da ta zana gonar wani ce. Kafin ku yarda da taswira, ku bincika wa ke tsaye a bayan mai zanen.