Auta da Wankan Baba

Auta ta rasu, babanta yana nan da ransa. Abin da ta daɗe tana roƙon Allah kada ya faru ke nan.

Ni da ita mun yi shekaru a shagon wanki da guga. Ina wajen inji, tana kan tebur da dutsen guga. Gajeriya ce, sai ta taka katako kafin hannunta ya kai ƙarshen tebur. Ita ce ƙarama a gidansu, sunan Auta ya biyo ta har shago. Yayyenta maza sun watse garuruwa da iyalansu. Mijinta ya rasu da wuri, ba su haihu ba, sai ta koma ɗakin da ta tashi a ciki.

Baba dattijon ikilisiya ne, mai tsabta da kunya, ko 'ya'yansa ba su taɓa ganinsa ba riga ba. Da ɓarin jikinsa ya shanye, ya karɓi abinci a hannun Auta, ya karɓi magani, amma wanka ya ce sam. 'Yar cikinsa ba za ta ga tsiraicinsa ba. Mazan coci suka raba ranaku a tsakaninsu. Da farko suna zuwa da fara'a, daga baya wannan ya ce aiki, wancan ya ce tafiya. Gyambo ya fara fita a bayan Baba.

Wata safiya Auta ta dire bokitin ruwan ɗumi a gefen gado.

"Baba, in kana addu'a, idonka a buɗe yake ko a rufe?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A rufe mana."

"To rufe ka fara. Kada ka ce amin sai na ce na gama."

Haka wankan ya zauna. Yana addu'a da karkataccen bakinsa, tana cuɗa shi da soso. Ya yi wa marasa lafiya, ya yi wa matafiya, ya yi wa yayyenta da ba sa zuwa. In ya ƙosa sai ya ce, "Ke, mutanen sun ƙare."

"Yi wa masu mulki, Baba, su ba sa ƙarewa. Saura ƙafafu."

Gyambon ya warke. Amma daga nan Baba bai ƙara yarda wani ya taɓa shi ba.

Ta ɗaga shi, ta juya shi, ta wanke zanin gado, ta zo shago ta tsaya kan guga har yamma. Ta bar ƙungiyar mawaƙa. Ran Lahadi takan zauna a bencin baya, ana tsakiyar wa'azi ta sulale, don lokacin juya shi ya yi. Sau da yawa na kama ta tana gyangyaɗi a tsaye, dutsen guga na shirin cinye rigar mutane.

Sai ƙullutu ya fito mata a nono. Likita ya ce aiki za a yi da gaggawa, bayan aikin kuma za ta daɗe ba ta ɗaga abu mai nauyi ba. Ta gaya mini tana ninke zannuwa, kamar labarin wata.

Na ce, "Ni zan riƙa yi masa. Ai ubana ne shi ma."

Muka gwada. Ya rufe ido ya fara addu'a, na sa hannu. Nan take ya tsaya. "Wannan ba hannun Auta ba ne." Ya juyar da fuska bango, ranar ko shayi bai sha ba.

A waje na ce mata, "Gaya masa gaskiya, ƙawata."

"In ya sani zai ce in tafi, sannan ya daina cin abinci don ya rage mini kaya. Na san ubana."

Ta kira babban yayansu. Ya ce ta ɗan ƙara haƙuri, yana shirin zuwa. Ta ɗaga ranar aiki, ta sake ɗagawa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na daina yi mata magana, ta aiko mini da burodi na sauko.

Wata rana a bayan shago, muna shanya, ta ce, "Kin san addu'ar da nake yi yanzu? Ya Ubangiji, ka ɗauki Baba kafin ni. Wace irin 'ya ce ke roƙon wannan?" Ta kai wa Fasto maganar. Ya ce gajiya ba zunubi ba ce. Ta dawo tana dariya, wai to me ya sa gajiyar ta fi zunubi nauyi.

Lokacin da yayan ya iso, ciwon ya riga ya bazu. An kwantar da ita, ba ta sake tashi ba. A wajen jana'iza an yabi biyayyarta sosai. Ban iya cewa amin ba. Har yau ban san ko abin da ta yi bangaskiya ce ko taurin kai ba. Wataƙila ita ma ba ta samu sararin rabe su ba.

Jiya yayan ya zo da mota zai tafi da Baba gidansa. Shi ya ba shi labarin ciwon, tun daga farko. Na je taya su kwashe kaya. Da aka ɗauko Baba aka zaunar da shi a kujerar baya, ya yafito ni da hannunsa mai lafiya.

"'Yata, yaushe likita ya ce a yi mata aikin?"

"Tun bara, Baba."

Ya daɗe yana kallon gwiwoyinsa.

"Wanka ne fa kawai," ya ce. "Da ko wa ya zo zan bari."

Na gyara masa ƙafar da ta shanye, na tura ta ciki, na rufe ƙofar a hankali.