Saki Ɗaya Ya Rage Mini

Ni karatuna bai wuce aji biyu ba, na biyun ma rabinsa a bakin kogi na yi shi ina kallon masunta. Sai Allah ya haɗa ni da mace mai ilimi. Ta daɗe tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Omdurman, da ta ajiye aiki aka zaɓe ta cikin kwamitin unguwarmu a Kalakla, masu bin maganar ruwa da shara da layin burodi. Ita kaɗai ce mace a cikinsu. Gidanmu kowa gidan Ustaza yake kiransa, ni kuma mijin Ustaza.

Ta tara matan unguwa, masu sayar da shayi da masu toya kisra, wato siririyar wainar dawa, tana koya musu karatu bayan la'asar a tsakar gidana. Suka ƙwace rumfata, suka jingina allo a jikin gadon da nake miƙe ƙafa. Damina na matsowa, in ruwa ya sauka tsakar gidan nan laka ne, ajin ya watse ke nan. Shugaban makarantar firamare ya yarda ya ba su ɗaki ɗaya da yamma, amma sai wani jami'in ilimi ya sa hannu a takarda. Wata huɗu tana zarya ofishinsa. Yau yana taro, gobe ya fita yanzun nan.

Ana haka azumi ya kama. A wajenmu maza ba sa buɗa baki a cikin gida. Muna shimfiɗa tabarmi a bakin titin Jabal Awliya, kowa ya fito da farantinsa, in rana ta kusa faɗuwa mu tare motoci mu sauko da matafiya da ƙarfin tsiya. Ni ne mai tare hanya. Nakan warware rawanina in miƙa shi a titi, wanda ya yi gardama in rantse masa da saki. Haka na tarar manya suna yi, kuma baƙo ba ya son ya zama sanadin mutuwar auren mutum saboda kofin hilu-mur, jiƙon dawar da muke buɗa baki da shi. Amma sau biyu na gamu da marasa imani: wani direban bas, da wani likita da ya ce ana jiransa, duk suka wuce abinsu. Liman ya ƙirga mini a gaban jama'a, ya ce saura ɗaya.

Ran nan na tare wata farar mota, na sauko da wani siririn mutum mai tabarau. Bai yi musu ba. Yana cikin tauna dabino maƙwabcina ya raɗa mini cewa ai wannan shi ne mutumin da Ustaza take nema. Na aika gida a kawo takardar, na ajiye masa ita kusa da kwanon asida, irin tuwonmu.

Ya ce, "Ya Haj, wannan maganar ofis ce. Ta zo bayan salla, in sha Allahu."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Na rantse da saki, ba za ka tashi daga tabarmar nan ba sai ka sa hannu!"

Liman ya ajiye cokali ya ce, "Alhaji, ka san ko na nawa ne wannan?"

Na sani. Mutumin ya ce shi ba ya sa hannu a abin da bai bincika ba, ina ya san ko akwai ɗaliban ma? Ya yunƙura zai miƙe, dattawa biyu suka danne masa kafaɗa suna ba shi haƙuri. A zaune ya yi sallar magariba, lafiyarsa ƙalau.

Sai ga Ustaza ta fito tana gyara lulluɓinta. Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce masa, "Ɗana, kada ka sa hannu don tausayin tsohon nan. In ka tashi, hutu ka ba ni."

Na ce, "Haba Ustaza, a gaban mutane?"

"Kai a ɗaki ka rantse?"

Ta koma, jim kaɗan ta dawo da ɗalibanta, kowacce da littafinta, wata ko hannu ba ta wanke ba. Suka tsaya a gefen tabarmi. Ta miƙa takardar ga mafi tsufa a cikinsu, wata mai kisra da ta girme ni, ta ce ta karanta wa baƙo.

Tsohuwar ta sa yatsa a layin farko ta fara haɗa baƙi. In ta ci karo da doguwar kalma sai ta koma farkon layi ta sake ɗaukowa. Shayi ya huce. Ƙafar mutumin ta yi tsami, yana ta sauya zama. A layi na huɗu ya ce, "Hajja, ya isa, na gani. A ba ni biro."

Ta ɗago ta harare shi. "Yi shiru, yaro. Shekara sittin ana karanta mini takarda, yau ni zan karanta, kuma sai na kai ƙarshe."

Ya gyara zama kuwa. Ta karanta har kwanan wata, har lambar da ke saman takardar. Ya ɗora takardar a kan gwiwarsa ya sa hannu, ya ce a zo gobe a buga hatimi, sannan ya dube ni ya ce, "Ya Haj, na iya tashi?" Na kama shi hannu bibbiyu na miƙar da shi, na raka shi har mota ina sa masa albarka.

Na shiga gida ina taƙama, na ce abin da ya gagari kwamiti wata huɗu ni na gama shi kafin isha'i. Tana tattara kofuna, ta ce, "Ka kyauta. Gobe da safe kai za ka kai takardar a buga hatimin, ka bi layi ka ji yadda ake ji. Kuma in ka ƙara rantsewa da aurena a bakin titi, ni zan kama baƙon in tashe shi da hannuna."

Washegari na yi awa uku a layi da azumi a bakina. Mai hatimin ya fita yanzun nan. Rantsuwa ta zo mini har maƙoshi, na haɗiye ta, na nemi benci na zauna har ya dawo.